Mu Baƙin Sallah

Mu dai muna cikin mutanen nan da ake kira 'yan birni idan mun je gida, a kuma kira mu Gobirawa idan mun dawo birni. Mu shida ne, 'ya'yan wa da ƙane, an haife mu a gida ɗaya cikin wani ƙauye da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, daga baya boko ya kwashe mu ya watsa mu Kano da Kaduna da Zariya. Biyu daga cikinmu suna da tsagar Gobirci cikakkiya, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wadda abokan wasanmu Yarbawa ba sa gajiya da tsokana a kanta a wurin aiki. Sauran huɗun an haife mu ne bayan wanzamai sun fara ajiye askar tsaga. Ba mu san wani abu wai shi yawon buɗe ido ba, irin na mutanen Turai da ke tara kuɗi shekara guda don su je su kwanta a bakin teku. Hutunmu ɗaya ne, sunansa zuwa gida Sallah.

Shekara da shekaru muna wannan tafiya muna yaba wa kanmu. Ai zumunci a ƙafa yake, ga mu kuwa muna takawa, alhali wasu tsararrakinmu sun bar gida har gida ya bar su. Sai da hanya ta gagara, muka zauna a birni Sallah bayan Sallah ba mu je ba, sannan muka sami sukunin yin lissafin da ya kamata a ce mun yi tun tuni, wato me muke kai wa garin nan, me muke ɗaukowa, me kuma muke bari a bayanmu idan mun tada mota. Lissafin bai yi mana daɗi ba. Mun kawo shi wannan fili ne domin mun san ba mu kaɗai ba ne, wataƙila ma mai karatu ya tsinci kansa a ciki.

Akwai wani kawunmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi zaman Zariya tun kafin a haife mu. Shi idan zai zo gida jirgin ƙasa yake shiga, ya bi layin nan da ya isa Ƙauran Namoda tun 1929, daga can ya jira babbar motar 'yan kasuwa ta kai shi Shinkafi, sauran tafiyar kuwa ƙafa ce ko jaki. Kayansa akwatin ƙarfe guda ne: goro a cikin ganye, sukari mai iyali, sabulu, da turmin atamfa ɗaya da za a raba wa mata biyu. Duk abin da ya ƙunso da shi, in an yar, akuya ta cinye ko damina ta narkar. Yakan yi wata guda, kuma kwana uku kawai ake ɗaukarsa baƙo. Rana ta huɗu za ka gan shi ya tuɓe rigar birni yana kwaɓa ƙasar yaɓe, ko yana kan ɗaki ana baibaya.

To mu fa? Mota biyu ta ishe mu har da iyali in mun matsa, kamar yadda doguwar Peugeot 504 ɗaya takan kwashe mu duka muna samari. Amma biyar muke jerawa, domin kowa yana son a gan shi a tasa, wanda ba shi da ita ma sai ya aro. Mu tashi daga Kano da asuba, mu bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, mu sha fura a Ƙaura, mu ratsa Shinkafi da Isa, mu shiga ƙauye da la'asar muna busa ƙaho, yara na gudu cikin ƙurarmu. Bayan motocin cike yake da kayan da muka sayo a birni: shadda daga Kantin Kwari an riga an ɗinke ta a Kano, burodi, lemon kwalba, shinkafar waje, da jakunkunan ruwan leda har goma sha, wai don cikin yaranmu bai saba da ruwan rijiya ba. Telan garin bai ga sisinmu ba, mai tireda bai gani ba, mai ƙosai ma sai dai ta aiko mana kyauta. Abin dariya, shinkafa muke ɗauka mu kai ƙasar da fadamun Bunsuru da Gagare da Rima suke noma ta tun kaka da kakanni.

Kwana biyar muke yi. A cikin kwana biyar ɗin nan, gidan da ya saba dafa tiya biyu sai ya koma dafa shida. Gwaggonmu, wadda ita ce ta rage mana a matsayin uwa, tana da zabbi da kaji da take tattali don ranar lalura, ranar da za a kai wani asibiti ko a sayi taki. Kafin mu tashi an yanke rabinsu. 'Yan matan gidan tun da duku-duku suke bakin rijiya, domin kowannenmu sai ya yi wanka sau biyu, matanmu na wanki, ga kuma wankin mota ranar Idi, wanda ba ya cin ƙasa da guga goma kowace mota. Ba mu taɓa tsayawa mun leƙa rijiyar mun ga tsawon igiyar ba. Mu a wurinmu ruwa abu ne da ke zuwa cikin bokiti idan an ce a kawo.

Maganar leda kuwa, akuya ce ta fara faɗa mana gaskiya. Wata shekara muka tarar Gwaggo ba ta da uwar garkenta, wata jar akuya mai haihuwar tagwaye. Muka tambaya, ta ce bayan tafiyarmu da wata biyu akuyar ta fara ramewa, ga ciki a kumbure amma ba ta cin abinci, har aka gaji aka kira mahauci. Da ya farke tumbin sai ya ciro dunƙulen leda kamar kan yaro, baƙa da fara a cuɗe. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, “Ledarku ta tac ci, wadda kunka bar muna bayan gida. Ni ban da inda ni ka samun leda mai yawa hakanan.” Muka yi dariyar kunya, babbanmu ya ciro kuɗin akuya ya ba ta, muka ɗauka magana ta ƙare. Washegari yaranmu suka ci gaba da shan ruwansu suna jefar da ledar inda suka ga dama, mu ma haka. A birni aƙalla akwai mai kwasar shara, ko da sau ɗaya ne a wata. A ƙauye shara taki ce, ana tara ta a juji a kai gona da bazara, saboda haka duk ledar da muka yar, gonar gidanmu ta nufa. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, mu kuwa muna ɗaukar ta tafiyar yini guda mu kai wa mutanen da suke da ƙwarya da faifai da kwando.

Ranar komawa ita ce ranar da ainihin halinmu ke fitowa. Motocin da suka zo cike ba sa komawa wayam. A zuba gero da wake da albasa, a kawo man shanu a kwalba, da daddawa, da kuɓewa busasshiya, duk da sunan tsaraba, mu kuwa muna cewa “haba, har da wahala haka,” muna buɗe bayan mota. In an fito da tabarmar kaba ko faifai na sayarwa, sai mu tuna mu 'yan birni ne masu wayo, mu taya rabin kuɗi, tsohuwa ta ce albarka, mu yi kamar za mu tafi har ta sallama. Mu ɗin nan ne fa da ba ma iya neman ragi a manyan kantunan Kano, abin da aka rubuta shi muke biya baki alaikum.

Sauran wurin da ya rage a motar kuma na gawayi ne da itace. Ko ta Shinkafi muka bi, ko ta dajin Gundumi zuwa Marnona in muna da uzuri a Sakkwato, sai mun tsaya mun ɗaura buhu biyu-biyu, har muna zaɓen na ƙirya don ya fi daɗewa a murhu. Sannan mu ci gaba da tafiya muna ta jimamin yadda daji ya ƙare, muna nuna wa yara inda da can ba a hango rana saboda duhuwa, muna zagin gwamnati da hamada. Ba wanda ya taɓa waiwayawa ya dubi abin da ke ɗaure a kan motarsa. Alhali kuwa da ka ƙetara iyaka ka shiga ƙasar Maraɗi, wadda ta fi mu kusa da hamadar, za ka ga gonaki cike da gawo da kalgo da sabara. Tun daga wajajen 1983 manoman can suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani, wato in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tohonsa biyu ko uku masu ƙarfi a bar su su girma, a sassabe sauran. Da wannan dabara mai araha aka maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. 'Yan uwanmu ne, Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Gawo ba ya cutar da gero, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi inuwa ya ba dabba abinci. Kowane manomi a garinmu ya san haka. Amma in mai mota ya tsaya da kuɗi a hannu yana neman gawayi, ga kuma Sallah ta cinye abin da ke rumbu, me kake tsammani zai faru da itacen?

Akwai ziyara ɗaya da muke alfahari da ita, ita ce kai yara Alƙalawa. Duk Bagobirin da ya yi boko yana son ɗansa ya taka wurin nan. Birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18 a bakin gulbin Rima, inda Bawa Jangwarzo ya yi mulkin da har yau ake ba da labari, birnin da ya faɗi hannun mayaƙan jihadi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa a ciki. Daga nan ne sarautar Gobir ta yi ta gudun hijira, har bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya dawo ya kafa Sabon Birni. Duk wannan muna karanta wa yara a mota, har mukan sa musu faifan Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, don jininsu ya motsa.

To amma yaya muke shiga wurin? Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci zai ga soraye da ƙofofi. Babu. Tuddai ne da alamun ganuwa, da gonakin mutane, da tsingaro birjik a ƙasa duk inda ruwa ya zaizaye. Mukan kutsa da mota har cikin gonar wani don kada takalmin Sallah ya yi ƙura. Yara su cika aljihu da tsingaro muna kallo, har mukan taya su zaɓen masu zane, a kawo birni a ajiye kan talabijin kwana biyu, daga nan mai shara ta haɗa da su. Ƙaraminmu ya taɓa sa wuƙa ya rubuta sunansa da shekara a jikin wata kuka, muka ɗauke shi hoto yana murmushi. Akwai wani dattijo da kan bar aikinsa ya zagaya da mu, ya nuna mana nan ne kaza, can ne kaza, abin da ya ji daga bakin kakansa, wanda babu shi a littafin kowa. Awa biyu cur yana magana cikin rana. In za mu tafi sai a lalubo canjin da ya rage a aljihu a miƙa masa a ce ya sayi goro. Ba mu taɓa rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba, mu da muke kiran kanmu marubuta da malamai. Yanzu ya rasu.

Wani abin da ke ba mu kunya in mun tuna shi ne, a wannan ƙasa ce aka yi baƙuncin Sallah mafi shahara a tarihinmu. Wajajen 1788 Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami don Sallar Layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka ware wa kaso mafi tsoka, ya ƙi karɓar komai, ya roƙi abubuwa biyar a madadin dukiyar, daga ciki har da a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Muna ba yara wannan labari da bakinmu, a motar da ke ɗauke da geron Gwaggo.

Duk waɗannan laifuffuka ne da ƙasa kan jure, ta yi haƙuri da mai yin su shekaru. Na ƙarshen ne bai jira ba.

Mai karatu ya san abin da ya sami gabashin Sakkwato. Tun wajajen 2019 mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa suka fara tsallakawa Nijar, zuwa Gidan Rumji da kewayenta, suna gudun 'yan bindiga. A watan Mayu na 2020 an kashe sama da mutum 70 a Garki da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a yankin, muka yi makonni ba mu san wanda ke raye ba. A watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya sama da 20 a cikin motarsu a wajen Gidan Bawa. A 2024 kuwa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, aka tare shi a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, ya rasu a hannunsu cikin watan Agusta. In sarki bai tsira ba, wa ya tsira?

Tun abin bai kai haka ba, lokacin ana jin labarinsa daga nesa kamar hadarin da ke wata ƙasa, muka je Sallah yadda muka saba, da motocinmu biyar. A wannan shekara ɗayanmu ya sami ƙarin girma, saboda haka bayan an sauko daga Idi ya tsaya a ƙofar gida da bandir ɗin sababbin kuɗi yana raba wa duk wanda ya miƙo hannu, maroƙa na kirari, mu kuwa muna ɗaukar hoto muna sawa a Facebook, da sunan garin, da fuskar Kawu ƙanen mahaifanmu a tsakiya cikin babbar rigar da muka ɗinka masa. Ya ja babbanmu gefe ya ce, “Ku rage wanga abu, idanu sun yi yawa. Ku za ku tahi, mu muna nan.” Muka ce Kawu ya tsufa, tsoro ya kama shi.

Kwana goma sha tara bayan tafiyarmu suka zo da dare. Ba su yi ɓatan kai ba, gidanmu suka nufo, kuma Kawu suka tambaya da sunansa. Da aka fara waya, abin da mai maganar ya fara cewa shi ne, ai 'ya'yansa masu motoci ne, har ya faɗi adadin motocin. Ba za mu faɗi abin da aka biya ba. An sayar da biyu daga cikin motocin, an sayar da gonar fadama wadda tun kakanmu take hannunmu, aka karɓo shi bayan mako bakwai, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya son magana. Bai ƙara cikakkiyar lafiya ba har Allah ya karɓi abinsa. Ba mu ce mu muka ɗauki bindiga ba, alhakin wannan yana wuyan masu shi, da kuma waɗanda aka ɗora wa tsaron mutane. Amma mun san wanda ya nuna ƙofar. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai a neme shi a rasa. Ita raɓa ba ta barin komai sai ɗan sanyi a ganye.

Daga nan muka ɗauke ƙafa, muka koma aike. Muka yi ta gardama a tsakaninmu, wasu na cewa zuwa ma yanzu ganganci ne, kuma nauyi ne a kan mutanen da ke fama da kansu. Wasu na cewa in kowa ya ƙi zuwa, an bar su ke nan su da masu daji, ga Gwaggo kullum tana tambaya ko mun manta kamanninta. Har yau ba mu daidaita ba, kuma ba ma ganin laifin wanda ya ce shi ba za shi ba. Abin da muka yarda da shi kawai shi ne, ba mu ke yanke ranar zuwa ba. Sai mun tambayi na can, in sun ce a dakata mu dakata, ko da hutun zai ƙare a banza.

Bara suka ce mu zo. Gwaggo ta baro ƙauye, tana cikin garin Sabon Birni a ɗaki ɗaya da aka ara mata a gidan surukinta. Mu biyu muka tafi, ba ranar Sallah ba, mako guda bayanta. Muka bar motocinmu a gida, muka shiga ta haya zuwa Sakkwato, muka kwana, da hantsi muka bi ta Goronyo a motar da kowa ke shiga, mu tara a wurin mutum shida, da tsofaffin riguna. Kuɗin da za mu ba ta mun riga mun aika ta hannun wani ɗan kasuwa tun kafin mu taso, ba wanda ya gani. Abin da za a ci muka saya a kasuwar garin, muka kai ɗinkin yaran gidan wurin telan unguwa, muka sha ruwan randa da moɗa kamar kowa, cikinmu kuwa bai ce komai ba. Da safe ɗan'uwan tafiyar tamu ya karɓi jarka daga hannun wata yarinya ya bi layin famfon burtsatse, ya dawo bayan awa guda yana haki, matan gidan na ta yi masa dariya. Waya ba ta fito daga aljihu ba sai don kira. Alƙalawa kuwa ko ambatonta ba mu yi ba.

Kwana biyu muka yi. Da za mu tafi sai Gwaggo ta jawo wani ƙullin gero daga ƙarƙashin gado, wanda muka san na taimakon da ake raba wa 'yan gudun hijira ne. Muka ce Gwaggo ki bar shi, wallahi muna da abinci. Ranta ya ɓaci, ta ce, “To, yanzu don na rasa gida shi na sa kunka raina abin hannuna?” Muka rasa ta cewa. Surukinta ne ya raba gardamar, ya ce a mayar da geron, a ba mu kuka, tun da ita ce ta shanya ta daka da hannunta. Ta yi shiru, sannan ta auna mana gwangwani uku. Wata jikarta ta ruga za ta karɓo leda wurin mai tireda, Gwaggo ta kira ta ta dawo, ta yage gefen wani tsohon zanenta ta ƙulle kukar a ciki. Ta rako mu har bakin zaure tana dogara sanda, ta ce mu gaida yara, mu kuma tabbata mun maido mata da ƙyallenta in za mu dawo.